Masu Cin Zomo da Masu Cin Gudu

Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma an daɗe ana maimaita maganar nan a zaure ba tare da an kai ta daji an gwada ta ba. Da za a kai ta, da wuya ta dawo lafiya. Da zarar an gama kaka, an kwashe gero da dawa, ciyawa ta bushe, sai ka ga akori-kura maƙare da mutane da karnuka ta nufi bayan gari, ga makaɗi a baya yana zuga. Duk wanda ya tsaya ya lura da abin da ke faruwa bayan an sauka zai ga masu gudu na gaskiya biyu ne kacal, zomo da kare. Na farkon a tukunya yake ƙarewa, na biyun kuma hanji ake jefa masa, shi ma in an so yi masa adalci. Ragowar jama'ar, duk yawansu, masu da'awa ne, kuma abin da ya bambanta wannan da wancan shi ne hanyar da kowa ke bi ya mai da wahalar kare ta zama tasa. Farautar zomo ta gayya suna ake zuwa nema a cikinta, naman kuwa shaida ce da ake ratayowa gida.

Sai an san abin farautar kafin a gane masu farautar. Zomon dajinmu ba ya haƙa rami. Da dare yake fita kiwo, da rana kuwa sai ya sami gindin sabara ko geza ko tarin kara ya lafe, ya kwantar da kunnuwa, launinsa ya saje da ƙasa, har mutum ya kusa taka shi bai motsa ba. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin na bayansa ba tare da ya waiwaya ba. In ya tashi kuma ba ya miƙe hanya: sai kare ya buɗe baki zai cafka, ya yi kwana, karen ya zarce yana turbuɗa hanci a ƙasa. Duk wannan wahalar a kan abin da da ƙyar yake kai kilo 3, naman ma ba kitse. A ce mutum 40 suka fita suka dawo da zomaye 10. A cire kuɗin mota, a cire na makaɗi, a cire tuwon da karnuka suka ci tun damina, za a ga mahaucin bakin kasuwa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Tun da lissafin nama bai fita ba, kuma ba a fasa zuwa ba, to lalle akwai wani abin da ake samowa.

Na farko a layi, wanda kuma ya fi kowa hujja, shi ne uban karnuka. Ya san uwar kowane kare da kakarsa, ya san wanda ya fi hanci da wanda ya fi ƙafa, amma in ka tambaye shi ajin da ɗansa yake a makaranta sai ya leƙa cikin gida ya tambaya. Sunayen da yake raɗa musu duk habaici ne ga abokin hamayyarsa na unguwar gaba, irin su Bar-su da Sai-sun-gaji, don haka kiran kare kaɗai ya isa ya tayar da faɗa. In kare ya kama zomo, labarin da za a ji da yamma shi ne na kama. In ya kuskure kuwa, ba a rasa mai laifi: ko an yi wa karen baki, ko karyar wani ta gitta masa, ko rana ta yi zafi. Wannan mutum ya yi wahala da gaske, ya ciyar, ya horar, ya cire kaska da hannunsa, kuma shi kaɗai ne a cikin motar da zai iya tsayawa gaban alƙali da da'awarsa. Illarsa ɗaya, a tsawon shekarun da ya yi yana ba da labari, ya manta cewa ba shi ke gudun ba.

Kusa da shi akwai mai kere. Shi ba shi da kare, yana da sanda mai lanƙwasa da kuma baki. Duk zomon da ya tashi, ko daga wace kusurwa, sai ya wurga kerensa, ko da tsakaninsu ya kai faɗin gona biyu. Hikimar a nan take: in zomo ya tsere ba wanda zai tambaye shi, in kuwa kare ya kama, sai ya iso yana haki yana rantsuwa cewa kerensa ne ya fara karya masa ƙafa, karen tsintar gawa kawai ya yi. Zomo dai ba ya ba da shaida. Galibin faɗan da ake yi a wurin farauta, wanda wani lokaci yake kai ga sara da jini da zuwan 'yan sanda, daga wannan tambaya yake tasowa ta wa ya fara taɓawa, kuma mai kere ne ke riƙe da ita. Abin da kerensa ya fi samu a zahiri shi ne ƙafar karen mutane.

Sai mai kayan yaƙi, wanda ganinsa kaɗai ya isa kuɗin mota. Ga warki, ga guru a ƙugu, ga kambu a damtse, ga layu jere a wuya, ga barandami a kafaɗa, ga maganin ƙarfe ya sha tun asuba. Kirarin da yake yi na masu tarar ɓauna ne da giwa, alhali giwayen da suka rage a wannan yanki suna Yankari ta Jihar Bauci, inda aka killace daji tun 1956, kuma wanda ya shiga da barandami gidan yari zai kwana. Abin da ya rage masa shi ne zomo, dabbar da tarihi bai taɓa nuna ta sari kowa da wuƙa ba, balle a nemi maganin ƙarfe dominta. Nauyin kayan ya hana shi gudu, ƙarar layun kuma tana tashin duk abin da ke kwance tun yana nesa. Amma da an dawo gari shi yara ke bi, don ido ba ya tambayar wa ya kama, abin da ya gani yake ɗauka.

Mai ihu ba ya buƙatar dogon bayani. Ko ganye ne ya motsa sai ya ce ga shi nan, karnuka su kwasa gabas, zomo ya miƙe yamma. Ɗan ashana kuwa ba abin dariya ba ne, ko da yake cikin 'yan wasan yake ɓuya. Shi ya gaji da bugun ciyawa, sai ya ƙyasta ya cinna wa daji wuta don abin da ke ciki ya fito. Wuta a lokacin hunturu, ga iska, ba ta san iyakar gona ba: takan cinye karan da manomi ya tara, da harawar da ya ajiye wa dabbobinsa, da ciyawar da makiyayi ke dogaro da ita har faɗuwar ruwa, wani lokaci har da rumbu. An ƙone abincin garken shanu don a fitar da abin da bai cika tukunya ba, kuma shi ne mutum ɗaya tilo a cikin taron da ba ya da'awar aikinsa.

Wanda ya fi kowa cin riba cikin natsuwa shi ne malamin daji. Ba ya jifa, ba ya ihu, wuƙa kawai yake riƙe da ita da ɗan abin da ya tsinta a babin farauta. Ya san halaccin naman zomo yana da madogara a hadisin Anas ɗan Malik, wanda ya cim ma zomo da ƙafarsa a Marruz Zahran bayan sauran sun gaji, aka yanka aka aika wa Manzon Allah (SAW) da wani sashe ya karɓa. Irin wannan ƙafa babu ita a cikin akori-kura. Ya san Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kama, da sharaɗin mai shi ne ya sake shi ya kuma ambaci sunan Allah, kuma in an tarar da dabbar da rai wajibi ne a yanka. Ya san a hadisin Adiyyu ɗan Hatim an hana cin abin da aka tarar da baƙon kare a kansa ba a san wanne ya kashe ba, domin mutum a kan karensa ya yi bisimilla. To a farautar da karnuka ashirin ke danne zomo ɗaya, rabinsu ma ba wanda ya sake su, bisimillar wa za a ɗauka? Mafita ita ce a iso da wuƙa kafin rai ya fita, shi ya sa kowa ke kiran malam, shi ya sa kuma cinya ba ta wuce shi. Ya ma san saɓanin da ke tsakanin Malikiyya, da suka sauƙaƙa in kare ya ɗan ci daga abin da ya kama, da waɗanda suka hana, kuma yakan tuna ra'ayin da ya dace gwargwadon hannun da zomon zai faɗa. Abu ɗaya ne ba ya so a ɗauko masa: Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a kowane zaure, ta ce farauta don wasa makaruhi ce.

Daga nan sai maratayi, wanda Hausawa suka riga suka yi masa shari'a da suka ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Yawanci matashi ne mai ladabi, da an yanka sai ya ce kawo in riƙe maka, Baba, kada jini ya ɓata maka riga. Daga nan har gida zomon na kafaɗarsa, kuma hanyar da zai bi sai ta ratsa ta bakin rijiya inda 'yan mata ke ɗiban ruwa. Ba ya ƙarya, ba ya cewa shi ya kama, ba dai ya musantawa. Zamani ya ba shi ƙane, mai waya, wanda ke ɗaga zomon wani ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, a yanke karen daga gefen hoton. Can gindin tsamiya kuma ga tsohon da ƙafa ta hana fita, yana juya zomon yana taɓe baki, yana cewa na zamaninsu sai mutum biyu suke ɗauka.

Mai ja da wannan magana zai ce an yi wa talaka rashin adalci, domin akwai gidajen da ba sa ganin nama sai irin wannan, kuma zomo ɓarna yake yi wa wake da gyaɗa. Gaskiya ne, amma wanda nama ya dama ba ya ɗaukar makaɗi. Tarko yake ɗanawa a hanyar da ya ga kashin zomo, ko ya fita shi kaɗai da karnuka biyu, ko ma ya kiwata na gida a keji, waɗanda cikinsu wata ɗaya ne kacal. Wani kuma zai ce ai farauta ce ke ƙera jarumai, ya kawo misalin maharban Adamawa da suka taimaka aka ƙwato Mubi daga hannun Boko Haram a 2014. Wannan ma ba a musu, sai dai waɗancan masu sana'a ne da suka san daji da sawu da haƙurin kwanto, suna da shugabanni da ƙa'ida. Don sun haɗa daji da mai kere bai zama ɗayansu ba, kamar yadda zomo bai zama bawan giwa ba don dawa suka tara.

Saura masu cewa wannan hali namu ne na ƙauye, wayewa za ta kawar da shi. Su duba Ingila. Zomon can na haƙa ramuka a ƙarƙashin shingayen ƙaya da ke raba gonaki, don haka sun raba aikin: ƙananan karnuka su kutsa cikin sarƙaƙiya su koro shi, dogo mai ƙafa ya jira a fili, wata 'yar dabba mai kama da tunku a zura ta rami, a shimfiɗa raga a baki. Aikin mutum shi ne ya tsaya cikin sanyi ya ba da labari daga baya. Dokar 2004, wadda ta fara aiki a Fabrairun 2005, ta hana farautar dabbobin daji da karnuka a Ingila da Wales, amma ta bar ɓera da zomon rami in mai gona ya yarda, ta hana babban zomon fili mai irin halin namu. Nan take ta haifar musu da nasu malamin dajin, wanda ko me aka tarar a bakin karensa zai rantse na rami ya sake shi ya bi. Kafin dokar kuwa, tun daga 1836 suke gasar Kofin Waterloo a Altcar kusa da Liverpool, inda ake sakin karnuka biyu-biyu a kan zomo, alƙali a kan doki yana ba da maki, mafi yawa a kan gudu da tilasta wa zomo yin kwana, ko an kama ko ba a kama ba. Wato su sun ma cire naman daga lissafi, sun bar sunan tsirara. Wani kare mai suna Master McGrath ya ci gasar sau uku, a 1868 da 1869 da 1871, har aka kai shi gaban Sarauniya Biktoriya ta gan shi. Kuɗin kyautar kuwa mai shi ne, Lord Lurgan, ya karɓa.