Narambaɗan batir

Akwai wani sirri da na daɗe ina ɓoye wa 'yan majalisarmu ta Dingyaɗi, waɗanda suka ɗauke ni masanin kiɗan fada: ban iya sauraron Ibrahim Narambaɗa sai da rakodar da batirinta ya kusa mutuwa.

Talauci ne ya koya mini. Muna samari, batir ba ya ƙarewa a gidanmu sai an shanya shi a rana, an ƙwanƙwasa shi da dutse, an sake mayar da shi. Shi kuwa zaren kaset an ƙera shi ne ya yi tafiyar santimita 4.76 a daƙiƙa. In ƙarfin batir ya ragu sai ya ja ƙafa, kiɗa ya lafa, murya ta yi ƙasa. Raguwar kashi 6 cikin 100 kaɗai ta isa ta sauke sauti da rabin mataki, mu kuwa tamu rakodar ta wuce nan nesa. A haka na haddace Bakandamiya, waƙar da ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu: kotso na tafiya da ƙasaita, 'yan amshi na karɓa da murya mai kauri, kai ka ce dukansu sun haura saba'in.

A kan wannan na gina ilimina kaf. Na sha gaya wa yara cewa kiɗan sarauta ba ya gaggawa, domin sarki ba ya gudu. Na ce Musa Ɗanƙwairo, da ya rasu a 1991, ya cika hanzari, alhali laifinsa kawai shi ne kaset ɗinsa na zuwa ranar da aka sayi sabon batir. Har taushin Salihu Jankiɗi, makaɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, na yanke wa hukunci da wannan gurgun ma'auni, mutane na gyaɗa kai.

Sai ɗan ƙanwata ya kunna mini Bakandamiyar a wayarsa. Na ji murya tas, da zaƙi da kuzari, kiɗa na tsalle. Na ce masa an lalata ta, 'yan zamani sun ƙara mata gudu.

Ya ce, "Kawu, haka fa take. Taku rakodar ce ba ta da lafiya."

Na kore shi da faɗa, don na san gaskiya ya faɗa.

Makaɗan Turai kan daidaita kayansu a kan sauti guda, mai kaɗawa 440 a daƙiƙa, kafin su soma. Ni nawa kunnen mataccen batir ne ya daidaita shi, kuma ya ƙi gyaruwa. Ingantacciyar waƙar ba ta sa ni ƙwalla, gurguwar ce ke sa ni.

Don haka duk mai tsohuwar rakoda da injinta ya gaji, a Boɗinga ko Shagari, kada ya kai wa mai gyara. Ya kawo mini, zan saya.