Tsegumi: Amurkawa Sun Tare a Ƙoƙi

Ku matso kusa, jama'a, wannan magana ba ta ɗaga murya ba ce. Ƙus-ƙus ɗin da ake ta yi a majalisun Ƙoƙi bayan la'asar kwanakin nan, baƙi ne suka jawo shi. Wani Ba'amurke ne da maiɗakinsa da 'ya'yansu biyu suka kama hayar gida can cikin lungu, wai shekara guda za su yi. Sunayensu da na mai gidan kuwa, ku bar su a cikina.

Majiyarmu ta ce da farko Nasarawa aka nufa da su, inda aka saba sauke irinsu, gida mai shuke-shuke da maigadi. Gogan ya ce atafau shi cikin ganuwa yake so, gidan ƙasa mai zaure da rufin azara, domin littafi ya zo rubutawa kan fatauci da tsofaffin gidajen attajiran Kano. A nan dai bai yi ɓatan kai ba. A wannan yanki ne Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya kafa gidansa, ya yi cinikin goro da gyaɗa har sunansa ya ƙetare teku, kuma daga tsatsonsa Aliko Ɗangote ya fito ta wajen uwa. Ga kuma Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da ƙafa ake zuwa.

An ce da dillali ya ga farar fata sai kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo, la'ada ma ta bi sahu. Sai da mai unguwa ya kira shi gefe ya ce ya ji tsoron Allah, kada ya zubar wa unguwa da mutunci. Ranar tarewa mota ta tsaya a bakin titi don lungun ba ya ɗaukarta, 'yan baro suka yi ta jigilar akwatuna, yara na biye suna ta "Bature, Bature". Har da kare aka so zuwa da shi. Mai gidan ya ce ko shi ko karen, aka bar shi can wajen wasu abokansu.

Amma labarin da ya fi zagawa cikin gidaje shi ne na kwano. Maƙwabciyarsu ta aika musu tuwon shinkafa da miyar taushe na maraba. Uwargida Baturiya ta ci ta yaba, ta wanke kwanon tas, ta mayar da shi wayam, sai 'yar takardar godiya da ta saka a ciki. Kafin magariba babu gidan da bai ji ba. Washegari wata dattijuwa ta yafa mayafinta, ta yi sallama, ta zaunar da ita a tabarma, ta ce da ita 'yar nan, a nan ba a mayar da kwano haka, ko sabulu ne ko ƙunshin ashana a saka. Tun daga ranar, an ce, kwanonta bai sake komawa wayam ba. Yanzu har lalle ake ɗaura mata, ta yi ankon wani biki, kuma wai ta shiga adashi, ita ce ma ba ta taɓa makara da zubi ba.

Maigidan ne dai ke shan fama. Ya saba ya ɗaga hannu ya ce "sannu" ya wuce da sauri, dattawan majalisa suka yi ta kallonsa. Sai da aka koya masa ya tsaya, ya rage tsawo, ya tambayi kwana da gajiya da iyali da sanyi, ya kuma jira a amsa. Wata rana kuma ya bi bayan matarsa zai faɗa gidan maƙwabta, wani yaro ya riƙo masa riga ya nuna masa rubutun "Ba a shiga" a bango. Nan ya ƙare a zaure. To, ku ji abin dariya: shi da ya zo bincike iyakarsa zaure, ita da ta zo rakiya ta san wa ya auri 'yar wa, wane gida ne ya gaji wane fatake, wace Hajiya ke juya jari daga ƙuryar ɗaki. Ba yau aka fara ba. Enid Schildkrout ta yi nazarin yara masu talla da matan kulle a cikin birni a shekarun 1970, Beverly Mack da Heidi Nast kuma suka shiga wajen matan gidan Sarki, inda namiji baƙo ba ya ko leƙawa.

Yaran kuwa sun riga iyayen nisa. Ƙaramin har langa yake yi, shi ake aika ya sayo gurasa, kuma an ce cikin Hausar da ya fara ƙwarewa a kai akwai wadda ba a faɗa gaban manya.

Masu cewa leƙen asiri suka zo, ku yi haƙuri, ban bi ku ba. Wane asiri ne a lungun da kowa ya san abin da ka ci da dare? Kano ta daɗe da ganin irinsu. John Paden ya zauna a nan a shekarun 1960, ya fitar da littafinsa kan addini da siyasar Kano a 1973, daga baya ya rubuta tarihin Sardauna. Paul Newman da matarsa Roxana sun zauna a Kwalejin Abdullahi Bayero a shekarun 1970, suka bar mana ƙamus.

Abin da ke ci mini rai daban ne. Akwai wani matashi ɗan unguwar, ya gama jami'a bai samu aiki ba, shi ke yi wa Baturen jagora. Shi ke karanta masa takardun ajami, shi ke lallaɓar dattawa su buɗe baki, shi ke faɗa masa wanda ya faɗi gaskiya da wanda ya ƙara gishiri. An ce ana sallamarsa duk wata, madalla. Sai dai mutanen Ƙoƙi sun san labarin kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ɗan unguwarsu, Malam Mahmudu Ƙoƙi, ya yi shekaru yana aiki da Bargery a kan babban ƙamusun Hausa da ya fito a 1934, amma sunan Bargery ƙamusun ke amsawa har gobe. Sai a 1977 Neil Skinner, wanda ya koyar a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, ya fitar da tarihin rayuwar Malamin a Zariya, sannan da yawa suka san da shi.

Don haka, Malam Bature, tunda an ce kana karanta Hausa yanzu, ga saƙo. Idan littafin ya fito, a sa sunan yaron nan a bango tare da naka, a kuma aiko wa unguwa kwafi da Hausa. Kai kuma mai unguwa, ranka ya daɗe, a yi wannan magana da shi tun yanzu, a gaban shaidu, kafin a fara ɗaure akwatuna.