'Yan Kallon Kangiwa

Ranar hawan Sallar Gani, cikin watan Rabi'ul Awwal, motocin Dutsi, Mashi, Zango da Baure duk Daura suke nufa, har da 'yan'uwa daga Nijar da ke tsallakowa ta Kwangwalam. Kowa sai Kangiwa, filin ƙofar fada, wai kallon dawaki. To, su ma 'yan kallon abin kallo ne.

Akwai Baba Na-san-tarihi. Tun hantsi ya kama inuwa, goro a kunci, yana dakon baƙo. Kana yin sallama ka shiga hannu. Zai ɗauko Bayajidda daga Bagadaza, ya ratsa da shi Borno, ya tsaya Gaya maƙera su ƙera masa wuƙa, sannan ya iso da shi rijiyar Kusugu da tsakar dare. In an zo inda Bayajidda ya sare macijiyar rijiyar sai Baba ya miƙe ya kwatanta da sandarsa, har hular na kusa ta faɗi. Ka kuskura ka ce, "Baba, ai wasu malaman jami'a sun ce almara ce," sai ya dube ka sama da ƙasa: "Yaro, su sun taɓa shan ruwan Kusugu?" Ba zai sallame ka ba sai ka lissafa masa Hausa Bakwai, kuma a Biram yake jiran ka yi tuntuɓe.

Can gaba ga masanin dawaki, wanda ko jaki bai taɓa hawa ba. "Wancan akawal ɗin bai ƙoshi ba. Wannan jalalar aro ce." Da wani ingarma ya zabura ya nufo jama'a, shi ne na farkon barin takalmi.

Sai Alhaji Na-fada, babbar riga ta sha guga, turare na tashi. Shi fa ya san Mai Martaba Umar Faruk Umar tun kafin ya hau gado a 2007, kuma in ya ga dama yanzu sai ya shiga soro. Dogari na ɗaga bulala ya ja baya tare da yara, yana gyara hula: "Sabo ne, bai san ni ba."

Samarin waya kuwa bayansu suke ba hawan don su fito a hoto, caji kuma ba ya ƙarewa sai laimar Sarki ta ɓullo. Mai ɗanɗano ya zagaye masu tsire kaf, ko'ina yaji bai yi masa ba.

Gwanina shi ne Makararre. Yana isowa 'yan bindiga sun yi harbin ƙarshe, Sarki ya shiga gida, sai ƙura da kashin doki. Ya sayi rake, ya bi motar farko. Da daddare a majalisar mai shayi a Dutsi, shi ke ba da labarin hawan daki-daki, har yana yi wa waɗanda suka gani gyara.