Dokin da Malam Ya Halatta

Yayana ne ya jawo mana wannan rigima daga Abijan. Kamar sauran samarin Adar, yakan tafi bayan kaka ya dawo da faɗuwar damina. Wasu su dawo da babur, wasu da kuɗin aure, shi kuwa ya dawo da darar Nasara, wadda can suke ce wa eshek: gidaje 64, 'ya'ya 32 na roba. Kafin a gama noman fari yaran gida sun watsar da rabinsu. Ni kuma, da bakina, a gaban jama'a, na ce abin bai kai ya kawo ba, zan sassaƙa sababbi.

Ran Lahadi na shiga kasuwar Tawa, na nufi wurin masassaƙa, inda aka jere turame da ƙotoci da alluna. Na nuna wa wani dattijo hoton 'ya'yan darar a waya.

Ya ce, "Yaro, wanga na wasa ne ko na tsafi?"

Na ce, "Na wasa ne, Baba. Gawo zan samu?"

Ya ce in ina son ma'aikatan gandun daji su san sunana, in je in taɓa gawo. Ya sayar mini da guntun aduwa, irin wadda ake allo da ita, ya ara mini ƙaramin gizago, ya ce in ƙirga yatsuna tun yanzu don kada mu yi gardama daga baya.

Aduwa ba ta da mutunci. Ka sare ta nan, ta tsage can. Sojoji 16 ɗin da ya kamata su fito kai ɗaya, babu biyun da za ka ce uwarsu ɗaya. Sarauniya ta fito taɓarya sak, har 'yar ƙanwata ta ɗauke ta ta shiga dakan ƙasa da ita. Da na zo baƙanta rundunar baƙaƙe da jan ƙarfe, yadda ake yi wa akushi, sai sarkinsu ya kama da wuta. Yaya bai ce uffan ba, ya tura shi ƙarƙashin butar shayi.

Duk wannan wasa ne a kan doki. Siffar da duniya ke wasa da ita yau a Landan aka fitar da ita a 1849, kuma ko a Amritsar ta Indiya, inda sana'ar ta yi ƙarfi, sauran 'ya'yan injin juyi ke fitar da su, doki kuwa sai an sa hannun gwani. Huɗu ake bukata. Na farkon da na gama na kai wa Inna, ta juya shi ta ce Allah sarki, jakin nan ciwo gare shi? Maƙwabcinmu Buzu, mutumin Abalak, ya rantse raƙumi ne da fari ya cinye wa tozo. Kunne ɗaya ya fita tun a gizago, na liƙa shi da ƙaro, ya koma kallon baya.

Ana haka magana ta kai kunnen malamin unguwa cewa ɗan gidan wane ya fara sassaƙa gumaka. Bayan la'asar sai ga shi da carbinsa. Gabana ya faɗi. Na shimfiɗa tabarma, na jere masa dawakina huɗu.

"Allah gafarta Malam, ga su."

Ya sa tabarau, ya ɗauki ɗaya, ya duba gaba, ya duba baya, ya kifa shi, ya tambaye ni ina kan yake. Na nuna masa. Ya daɗe shiru.

Ya ce, "Abin da malamai suka yi magana a kai shi ne surar abu mai rai. Wanga kuwa, ɗana, ban san wata halittar Allah da ya yi kama da ita ba. Ci gaba da aikinka."