Malam Yes

Ranar da motar Bichi ta sauke ni a bakin hanya, jaka a kafaɗa, takardar NCE a cikin leda, na ɗauka ni ne mutum na farko da ya shigo yankin nan da Turanci a bakinsa. Wani Alhaji ɗan asalin ƙauyen, mai shago a Kantin Kwari, shi ya gina gidan marayu a gonarsa ta gado, ya tara yara ashirin da 'yan kai, ya ɗauke ni in koya musu Turanci. Ni kuwa haifaffen cikin badala ne, irinmu da ba ma bambance gero da dawa sai an tuƙa tuwo.

Ɗan birni in ya ji an ce ƙauye sai ya zaci daji. To, babu daji. Daga Bichi har Ɗambatta gona ce ke jingine da gona, iyakarsu ɗan layin gamba, gidaje a warwatse, kowane da rumbunsa da darninsa. Gawo da ɗorawa da kuka na tsaye a tsakiyar gonaki, kowace bishiya da mai ita. Da rani jakuna ke jigilar taki a mangala. Ko kashin akuya a nan dukiya ne. Na gane haka ranar da na share na bakin ajina na zubar a rami: Iya mai dafa wa yara abinci ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata ba.

Babbar damuwar gidan ruwa ce. Rijiya ɗaya ce, da bazara kuma sai a yi ta zura guga ana fito da abin da ya fi kama da kunun kanwa. Muna jin labarin dam ɗin Watari a Bagwai da na Tomas, amma labari ba ya cika randa.

Mai gadin gidan wani tsoho ne da ake kira Baba Mishan. Ni a wautata na zaci ya taɓa yin acaɓa ne, mashin ya koma mishan a bakin ƙauyawa, ban kuma tambaya ba. Shi ke ɗebo min ruwan wanka. Ina da wata muguwar ɗabi'a a lokacin: in yi godiya da Hausa, in bi ta da guna-guni da Turanci. In ya daɗe a rijiya, sai in ce, "Sannu Baba," sannan in ƙara da Turanci cewa kunkuru ya fi tsohon nan sauri. Na soki miyar kuka da Turanci. Na soki albashina da Turanci, har da mai biyan albashin. Baba sai ya yi murmushi ya ce, "Madalla, Malam."

Ana saura mako uku Babbar Sallah Alhaji ya aiko cewa washegarin Sallah zai zo da nama da baƙo Bature, a shirya yara. Na duƙufa. Na rubuta jawabin maraba, na sa yara suka haddace kamar karatun allo, har da rangaji. Abin da ya gagare ni ɗaya ne: duk lokacin da suka ga mutum da wando da riga, ko da magariba ce, sai su miƙe su rangaɗa masa "Gud monin sa!"

Haka kuwa aka yi. Baƙi ba su iso ba sai bayan la'asar. Ga dagaci, ga liman, ga rabin ƙauye a gindin ɗorawa, yara sun sha sababbin kaya, 'yan mata da lalle. Bature na fitowa daga mota suka ɗaga murya: "Gud monin sa!" Ya dubi rana, ya dubi agogonsa, ya yi dariya. Na ce a raina wannan ƙarami ne, yanzu zan wanke.

Alhaji ya ce baƙon injiniyan rijiyar burtsatse ne daga Sikotlan, kuma Malam ne zai yi tafinta. Na gyara wuyan riga. Bature ya buɗe baki.

Jama'a, Turancin da na sani na allo ne da na jarrabawa. Wannan kuwa kamar mutum na kurkure baki da tsakuwa. Ya yi ta yi, ni ko kalma ɗaya ban cafka ba. Da ya tsaya, idanu suka dawo kaina. Na ce, "Ya ce yana gaishe ku, barka da Sallah." Aka yi tafi. Ya sake ɗaukowa, wannan karon har da nuna rijiya da hannu. Na ce, "Ya ce ya ji daɗin ganin garinku." Dagaci ya gyaɗa kai, amma liman ya ce, "Malam, duk doguwar maganar nan?" Na ce, "Allah gafarta Malam, haka Turanci yake, yawa ne da shi babu auki."

Sai Bature ya juyo ya dube ni, ya yi wata magana da ta ƙare da ɗaga murya. Tambaya ce, wannan kam na gane. Gumi ya jiƙa min singileti. Na tuna dabarar ɗalibi in ya rasa amsa, na washe baki na ce, "Yes!" Ya ɗaga gira ya maimaita. Na ƙara ƙarfi: "Yes, yes!" Ya rufe ɗan littafinsa ya sa a aljihu.

Daga bayan taro aka yi gyaran murya. Baba Mishan ne, da sandarsa da tsohuwar hularsa. Ya matso ya yi wa Bature magana da wani Turanci mai santsi irin na rediyo, suka yi ta yi har da dariya da tafa hannu. Sannan ya juya ga Alhaji ya ce, "Ranka ya daɗe, tambaya ya yi ko ruwan rijiyar nan na isar yara duk shekara, don in yana isa zai kai burtsatsen wani gari. Malam ya ce masa yana isa. Na ce masa Malam baƙo ne, ni nake ɗebo masa."

Da dare na same shi a zaure, na durƙusa. Ashe mahaifinsa ya yi jinya a asibitin kutare na Yadakunya, wanda 'yan mishan na SIM suka riƙe tun shekarun 1930. Turawan mata ne suka raine shi, daga nan aka kai shi makarantarsu ta Roni, tun Roni na ƙasar Kano, kafin a yanke Jigawa a 1991. Ya ce a can ya ci shinkafar Kirsimeti, a nan yake cin naman layya, duk bai ga wadda ta ƙi shiga ciki ba.

Na ce, "Baba, duk abin da nake faɗa kana ji?"

Ya ce, "Ina ji, ɗana. Na kunkurun ma akwai kuskuren nahawu a ciki, na ga ba a gyara wa malami a gaban ɗalibansa."

An haƙa burtsatsen kafin damina ta gaba. Na ƙara shekara biyu a gidan, kullum bayan isha'i ina zaure da littafina, Baba na gyara min lafazi. Yaran sun girma, wasunsu har da iyali. In na shiga kasuwar Ɗambatta ran Lahadi na ji an ƙwala "Malam Yes!" ba na waiwayawa.