Tarwaɗa a Falo

Akwai kalmomi uku da suka fi mini dakon buhun gero nauyi, wato "ban sani ba". Na gwammace in yi ta yawo a garin da ban sani ba har magariba da in tsayar da mutum in tambaye shi hanya. Wannan ciwo ya daɗe tare da ni, amma bai taɓa kunyata ni a gaban iyalina ba sai da na ce zan yi kiwon kifi a falo.

A wani otal a Abuja na fara ganin abin: akwatin gilashi cike da ruwa garai-garai, ƙananan kifaye masu launi suna ta kai da kawowa. Nan take zuciyata ta ce ai falona na Gummi ma ya cancanci haka. Na sa aka haɗa mini akwatin a Gusau, na rungumo shi a cinya kamar jariri, muka bi ta Anka da Daki Takwas, duk ramin da mota ta faɗa sai na yi salati. Da na ji kuɗin kifayen ado, sai dabara ta zo mini: in zuba 'ya'yan tarwaɗa, in sami ado yau, in sami miya gobe. Na sayi guda 20, kowanne bai wuce ɗan yatsa ba. Uwargida ta dube su, ta dube ni, ta ce, "Malam, Allah Ya sa alheri." Na san wannan addu'ar tata. Ita take yi duk ranar da ta hango asara.

Gida uku tsakanina da wani dattijo masunci da ya tsufa a bakin Gulbin Zamfara. Kullum ina wuce shi yana gyaran koma a ƙofar gidansa, mu gaisa. Ban ce masa uffan ba. Ina da waya, ina da YouTube, na kuma yi boko.

Karamci ne ya fara kashe mini kifi. Duk wanda ya wuce ta falo sai ya watsa musu abinci, ni kuma sau biyar a yini, don kada a ce baƙona ya kwana da yunwa. Abincin da ba su ci ba ya kwanta a ƙasa ya ruɓe, ya haɗu da kashinsu, ruwa ya zama kamar tsarin kanwa. Cikin mako guda falon da na so ya yi kama da otal ya koma wari irin na bayan mahauta. Gashin bakin kifayen ya fara gutsirewa, jikinsu ya yi fari-fari. Sai na yi abin da na ɗauka tsabta ce: na kwashe su a bokiti, na wanke akwatin tas da Omo, na cika shi da ruwan randa mai sanyi, na mayar da su. Da gari ya waye shida sun juya ciki sama.

Daga nan sai lissafi ya fara ɓacewa. Yau 14, jibi 12, kuma babu gawa. Na zargi kyanwar maƙwabta. Na tara yara na yi musu wa'azi a kan amana har ƙaramin ya yi kuka. Na fara kallon ɗan aiken gidanmu da wutsiyar ido. Duk wannan bincike ina yin sa ne a gaban wasu kifaye biyu da suka ninka sauran girma, ina ma nuna su ga baƙi a matsayin shaidar iya kiwona. Wata asuba na haska tocila, sai ga ɗaya da wutsiyar ɗan'uwansa a baki. Na ba yara haƙuri da biskit.

Da hunturu ya kama, biyun da suka rage suka daina cin abinci, suka lafe a kusurwa. Sai da na tsaya a kansu da ƙwayar maganin mura a hannu kafin uwargida ta ce, "Malam, kai ma fa da sanyin nan ba ka son fita." Wani dare kuma ɗaya ya yi tsalle ya fice. Da safe muka same shi a ƙarƙashin kujera, ya yi butu-butu da ƙura, yana motsi abinsa. Na yi ta ba da labarin a majalisa a matsayin abin al'ajabi, har wani yaro ɗan sakandare ya gaya mini cewa tarwaɗa tana da wata gaɓa a bayan kai da take shaƙar iska da ita. Na ce masa ai na sani.

Duk da haka ban saduda ba. Na yanke shawarar cewa waɗannan biyun za su hayayyafa su mayar mini da asarata. Na rage musu haske, na sa musu tukunyar ƙasa ta zama ɗaki, na hana yara hayaniya. Wata biyu ina leƙe, ko ƙwai ɗaya ban gani ba.

Uwargida ce ta aika aka kira dattijon nan ba da sanina ba. Ya shigo da sallama, ya sunkuya ya shinshina ruwan, ya sa hannu ya damƙo kifin da ni sai da gwangwani nake kama shi. Ya juya cikinsa, ya kamo ɗayan ya duba, sai ya yi murmushi.

"Malam, wanga aure naka babu ango. Duk mata ne."

Na ce, "Baba, yaya aka yi ka gane?"

Wannan ce tambayata ta farko cikin wata takwas. Ya nuna mini cewa namiji yana da ɗan tsiro mai tsini a ƙasan ciki, mace ba ta da shi. Ya ce ko da ango ma, tarwaɗa ba ta zuba ƙwai a kwano. Damina take jira, gulbi ya cika ya malala cikin ciyawar fadama, can take hayayyafa da dare. Masu gidan gona da ke ƙyanƙyasa kuwa allura suke yi wa macen, su matse ƙwan a roba, su yanka namijin su ciro abin da za a barbara da shi, kuma ƙwan kan fashe cikin awa 24 zuwa 36 idan ruwa da ɗumi. Ya ce abinci sau biyu ya isa, daidai abin da za su cinye nan take. Ruwa kashi ɗaya cikin uku ake ragewa a ƙara sabo wanda ya kwana, kuma sabulu ba ya kusantar mazubin kifi. Manya kuma a ware su daga ƙanana duk bayan mako biyu, in ba haka ba ƙananan ne abincin. Minti goma ya yi, ya karanto mini duk zunubaina kamar yana nan aka yi.

Da zai fita ya dubi akwatin ya ce in ado nake so, me ya hana ni sa ƙurungu? Daga baya na gano cewa dangin ƙurungun nan da muke rainawa a kasuwa, Turawa saye suke yi da tsada su sa a irin wannan akwati, saboda wasunsu kan yi iyo a rigingine.

Na zauna ina tunanin yawanmu. Muna zaune a ƙasar da Argungu ke bikin kamun kifi tun 1934, masunta da sarakunan ruwa suna cikinmu daga Gummi har Bukkuyum, amma sai mutum ya bar wanda ke gida uku da shi ya tafi neman fatawa wurin wani Bature da bai taɓa ganin hunturu ba. Wayar ba ta yi mini ƙarya ba. Na fi son ta ne kawai saboda ba ta ganin fuskata lokacin da nake tambaya.

Amaren biyu dai farfesu aka yi da su, aka kai wa Baba kwano guda. Akwatin gilashin yana nan a falo, uwargida tana jera tangaran a ciki. In kana da niyyar sayen irinsa, fara zuwa ka gaishe da masuncin unguwarku.