Injiniyoyin Gemu Iri Shida

Ɗan Kiru ko Bebeji ba ya bukatar a faɗa masa darajar injiniya. Ga dam ɗin Tiga nan a maƙwabta, wanda aka gina zamanin Gwamna Audu Bako aka kammala a 1974, ruwansa ke ciyar da gonakin Kadawa da Kura har gobe. Ga kuma Kwankwaso, injiniyan ruwa, ya yi gwamna sau biyu. To, da kasuwar faifai ta mutu, masu tura waƙa a waya suka gaje ta, labaran soyayya suka koma WhatsApp, sai wasu masu fasaha suka ce gemu ba ya hana ilimi, suka nufi karatun injiniya.

Hanyar kuwa ba ta da sauƙi. Sai ka nemo kiredit biyar, ciki har da Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri, ka zauna JAMB tare da sa'o'in 'ya'yanka, sannan ka kwashe shekara 5 a BUK, ko ABU Zariya, ko Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil. In ka haura shekara 30 kafin ka gama, ko kakin bautar ƙasa ba za ka sa ba, takardar yafewa za a miƙo maka. Duk da haka suna tafiya, kuma hali zanen dutse, kowa da tsohuwar sana'arsa a aljihu.

Na farko shi ne Mawaƙi. Wannan ba ya fahimtar darasi sai ya sa masa amshi. Duk wata ƙa'idar lantarki ya jera ta baiti-baiti, har 'yan aji na roƙon ya tura musu. Matsalar sai ranar jarrabawa: ƙa'idar da ake nema tana baiti na bakwai, shi kuwa ba ya iya tsallake, dole ya faro daga yabon Ubangiji. Za ka gan shi ido rufe, yana kaɗa biro a kan tebur, mai tsaron jarrabawa na zagayensa yana neman inda ya ɓoye takarda. Kafin ya iso inda amsar take, an ce a ajiye alƙalami.

Na biyu Mai Zane, wanda rabin allunan shagunan Kwanar Dangora da zakunan bayan manyan motoci aikin hannunsa ne. Da ya ji akwai kwas ɗin zane a ajin farko, sai ya ce an kawo shi gida. Aka ce a zana gada. Ya zana ta da inuwarta, ya dasa dabino a gefe, ya sa tsuntsu biyu a sama, a ƙasa ya rubuta "Allah ya kiyaye hanya". Awo ko ɗaya babu. Lakcara ya daɗe yana kallo, ya ce, "Malam, wallahi ta yi kyau. Amma wa zai hau?"

Ta uku Marubuciya, mai littafi na ɗaya da na biyu da na uku a kasuwar Sabon Gari. Rahoton gwajinta yakan fara ne da yanayin gari: hadari ya haɗo, iska na kaɗawa, ɗalibai sun shigo zukatansu na bugawa. Jar waya da baƙar waya sai sun sha wahalar rabuwa kafin su haɗu ƙwai ya kama. A shafi na tara malami ya rubuta da jan biro, "Hajiya, ina lissafin?" Ita kuwa ta riga ta rufe da cewa mu haɗu a kashi na gaba. Sai dai a bari shekarar ƙarshe ta zo, lokacin rubuta furojet: duk waɗanda suka yi mata dariya suna layi a ƙofar ɗakinta.

Na huɗu Injiniya Tun Yau, tsohon mai ɗaukar bidiyon biki. Ranar da sunansa ya fito, ranar ya sayi farar hular kwano, ya buga kati, ya canja suna a Facebook. Bai san cewa tun 1970 akwai hukumar COREN ba, wadda sai ta yi wa mutum rajista doka ke yarda ya amsa wannan suna. Hutu na yi ya sauka a Tudun Wada, kafin azahar zaure ya cika da injin ban-ruwa, fanka, rediyo da cajar waya.

"Kawu, an dai zuba mai?"

"An zuba, Injiniya."

"To, a bar shi ya kwana, zan yi nazari."

Da magariba sai ƙaninsa ya ɗora injin a babur, a zagaya ta bayan gari zuwa wurin bakanike. Kuɗin gyaran daga aljihun Injiniya.

Na biyar Mai Ƙafa Biyu, gwanin surfani da aikin wuyan riga. Ya shiga makaranta amma bai rufe shago ba. Tef na wuyansa har cikin aji, kuma komai da inci yake aunawa, malami na neman milimita. In jarrabawa ta faɗo kusa da Sallah, ko lokacin bukukuwan bayan girbin masara a Doguwa, to an san wanda zai ci: shadda. Wayarsa ba ta hutawa, yana raɗa, "Alhaji, gobe in sha Allahu." Haka yake gaya wa kwasa-kwasan da suka kayar da shi, kuma su ma sun saba jira.

Na shida shi ne Baban Aji. Ya fi kowa shekaru, kuma ya fi kowa saurin cewa bai gane ba. A layin gaba yake zama. Ya nemo yaro ɗan shekara 17, yana kiransa Malam, yana saya masa awara da kunun aya, yaron na koya masa haɗa baƙi da lamba daga tushe, shi kuma yana kiransa Baba. A gida an yi ta magana: ga iyali, ga kuɗin makaranta, ga taki. Ya sayar da fiyano ya biya rajista. Abin da sauran biyar ɗin suka ɗauko daga tsohuwar sana'a ado ne. Shi haƙurinta ya ɗauko. Mutumin da ya taɓa kwana a sitidiyo yana maimaita layi ɗaya har asuba, ba ya jin tsoron sake lissafi ɗaya sau goma. Lissafi kuwa bai san gemu ba, bai san suna ba, wanda ya zauna masa kawai ya sani.

Shi ne za ka tarar bayan shekaru a kan tsani, a wani ƙauye kusa da Riruwai, yana ɗaura faifan sola a kan burtsatse. Matsalarsa ɗaya ce ta rage. Ruwa na zubowa, yara na ihu, sai mai gari ya gyara rawani ya ce, "Injiniya, tunda abu ya yi kyau, ai sai ka ɗan rera mana." Kuma liƙin da ake masa a wurin, wani lokaci har ya fi kuɗin aikin.